Sharhi Kan Allurar mRNA Ta Gwaji Ga Masu Sankarar Da Ta Yi Nisa

Yayana ya shafe fiye da shekara ashirin yana zaune a Ingila, kuma a can ne aka gano cewa tarin da ya daɗe yana damunsa sankarar huhu ce wadda ta riga ta yaɗu zuwa hanta. An yi masa kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, an haɗa masa da maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, ciwon ya lafa na wani lokaci, daga baya ya sake tasowa. A wannan gaɓar ce likitarsa ta kawo maganar gwajin wata allura da aka gina kan fasahar mRNA, wato fasahar da aka yi wasu alluran rigakafin korona da ita, ta ce idan ya amince za ta tura takardunsa sashen gwaje-gwaje. Ni na riƙa raka shi tun ranar farko har ranar da aka cire shi daga gwajin. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, haka ma kamfanin da ya ɗauki nauyin gwajin da ya shiga, amma zan faɗi yadda hidimar take, sannan in auna irin wannan magani da alƙaluman da masu bincike suka fitar a bainar jama'a, domin 'yan'uwa da abokan arziki da dama sun yi ta tambayata ko gaskiya ne an samu maganin ciwon daji.

A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai kundin umarni da ake kira DNA, wanda yake ajiye a cibiyar ƙwayar, ba ya fita. Idan ƙwayar tana bukatar ƙera wani furotin, sai ta kwafi shafin da ya dace a kan wani zare mai gajeren rai, shi ne mRNA, a kai shi inda ake ƙira, a karanta, a yi aikin, sannan ya narke. Duk wanda ya zauna a makarantar allo zai gane wannan tsari, domin littafin yana nan a ajiye, abin da ke hannun ɗalibi shi ne allon da aka rubuta masa karatun yau, kuma da zarar karatun ya zauna sai a wanke allon. Abin da masana suka iya shi ne rubuta wannan allo da hannunsu a ɗakin bincike, su naɗe shi cikin ƙananan ɗigon kitse don kada ya lalace a hanya, su sa shi a jiki, ƙwayoyin mutum su karanta su ƙera guntun furotin mai ɗauke da alamar sankara. Garkuwar jiki na ganin wannan alama sai ta horar da dakarunta, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su fita neman duk inda alamar take. Saƙon ba ya shiga cibiyar ƙwaya, ba ya taɓa kundin gado, kuma cikin 'yan kwanaki jiki ke narkar da shi. Katalin Karikó da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania ne suka nuna a 2005 yadda za a gyara zaren don kada jiki ya tayar masa da kumburi mai tsanani, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2023. Kamfanin BioNTech kuwa, wanda Uğur Şahin da Özlem Türeci suka kafa tare da abokin aikinsu Christoph Huber a birnin Mainz na Jamus a 2008, don yaƙi da sankara aka kafa shi tun asali, korona daga baya ta zo ta sa duniya ta san sunansa.

Kalmar rigakafi da kafafen labarai ke amfani da ita ta rikita mutane sosai. Wannan allura ba ta hana mai lafiya kamuwa da ciwon daji, wanda ya riga ya kamu ake yi wa, kuma abin da nake sharhi a kai ya shafi sankarar da ke dunƙulewa ta zama ƙari a huhu, fata, hanji ko wata gaɓa, saɓanin ta jini.

Maganin iri biyu ne, kuma bambancinsu kamar na ɗinkin tela ne da rigar kanti. A iri na farko ana yanko ɗan nama daga ƙarin majinyaci, a karanta sauye-sauyen da suka faru a kundin gadon ƙarin, kwamfuta ta zaɓo alamomin da garkuwa za ta fi saurin ganewa, sannan a haɗa allura ta wannan mutum shi kaɗai. Allurar mRNA-4157 ta kamfanin Moderna, wadda yake gwadawa tare da kamfanin Merck, tana ɗaukar alamomi har 34, ta BioNTech da Genentech mai suna autogene cevumeran kuma har 20. Haɗa irin wannan yakan ɗauki makonni shida ko fiye, kuma makonni shida ba ƙaramin lokaci ba ne ga wanda ƙari ke girma a hantarsa. Iri na biyu an riga an haɗa shi an ajiye, yana ɗauke da alamomin da masu ciwo da yawa suka yi tarayya a kansu. A nan ne ake samun BNT111 ta sankarar fata, da BNT116 ta sankarar huhu wadda aka fara yi wa majinyaci na farko a Birtaniya a asibitin University College da ke Landan a watan Agusta na 2024, da kuma mRNA-4359. Yawancin abin da ake yi wa masu ciwon da ya yi nisa tayi a yanzu daga wannan iri na biyu yake.

Daga cikinsu mRNA-4359 ce ta fi jan hankalina, saboda dabarar da aka gina ta a kai. Ƙari ba ya zaune haka kawai yana jiran dakarun garkuwa, yana da hanyoyin kare kansa. Ɗaya daga ciki furotin ne mai suna PD-L1, wanda yake sa wa ƙwayar T takunkumi da zarar ta matso, ta tsaya ta kasa cizo. Wata hanyar kuma ita ce IDO1, wanda yake cinye wani sinadarin abinci mai suna tiriftofan a kewayen ƙarin, ya bar dakarun cikin yunwa. Allurar tana koya wa garkuwa ta ɗauki waɗannan furotin biyu a matsayin alamar abokin gaba, ta yadda za ta kai hari kan ƙwayoyin sankarar da ke ɗauke da su, da ma sauran ƙwayoyin da ke gadin ƙarin. Ana yin ta a tsoka, ana kuma gwada ta ita kaɗai ko tare da pembrolizumab, maganin zaburar da garkuwa da aka fi sani da Keytruda. Gwajin, mai suna Mobilize, yana gudana a Birtaniya, Amurka, Sifaniya da Ostareliya, kuma mutum na farko da aka yi wa ita a Birtaniya wani dattijo ne mai shekara 81 da ke fama da sankarar fata, a asibitin Hammersmith na Landan, a watan Oktoba na 2023.

A watan Satumba na 2024, a taron ƙungiyar likitocin sankara ta Turai da aka yi a Barcelona, aka gabatar da sakamakon farko. Majinyata 19 masu ciwon da ya yi nisa sun karɓi allurar, daga sau 1 zuwa sau 9, kuma cikin 16 da aka iya auna sakamakonsu, 8 ba a ga ƙarinsu ya girma ba, ba a kuma ga sabo ya fito ba. Illolin da aka fi gani su ne gajiya, zazzaɓi da ciwo a inda aka yi allurar. Dakta Debashis Sarker na King's College, wanda ya jagoranci ɓangaren Birtaniya, ya ja hankali tun a lokacin cewa adadin mutanen kaɗan ne. Wannan alƙalami na 8 cikin 16 shi ne ya zagaya duniya, kuma shi ne matar Yaya ta nuna mini a wayarta tana hawaye, tana cewa rabin mutanen sun warke. Ba abin da alƙalamin ke nufi ke nan ba, kuma ya kamata a yi masa adalci. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen karanta hoton jiki, ana cewa ciwo ya tsaya idan ƙarin bai ragu da kashi 30 cikin 100 ba, bai kuma ƙaru da kashi 20 cikin 100 ba. Ke nan ƙarin yana nan, zai iya ma ɗan ƙaruwa a ce ya tsaya. Bugu da ƙari, gwajin matakin farko ba shi da rukunin da za a kwatanta da shi, saboda haka babu mai iya rantsuwa cewa allurar ce ta tsayar da ciwon a jikin waɗannan mutane 8, tunda akwai sankarar da dama can a hankali take tafiya. Manufar wannan mataki ita ce a gano yawan maganin da jiki zai iya ɗauka ba tare da cutuwa ba. Ta wannan fuska gwajin ya yi nasara, kuma an ga alamar garkuwar majinyata ta motsa a gwajin jini. Wannan abin farin ciki ne na gaske, amma tsakanin motsin garkuwa a kwalbar jini da ƙarin kwanakin lafiya ga majinyaci akwai tafiya mai nisa.

Inda fasahar ta fi nuna ƙarfinta zuwa yanzu wani wuri ne daban. A gwajin KEYNOTE-942, an ɗauki mutum 157 da aka riga aka yi wa tiyata aka cire musu sankarar fata mai suna melanoma, aka ba 107 allurar mRNA-4157 tare da Keytruda, aka ba 50 Keytruda kawai. Bayan wata 18, kusan kashi 79 cikin 100 na rukunin farko ciwonsu bai dawo ba, a rukuni na biyu kuwa kashi 62 ne, kuma bayan kimanin shekara 3 haɗarin dawowar ciwon ko mutuwa ya ragu da kashi 49 cikin 100. A cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, Dakta Vinod Balachandran ya yi wa mutum 16 da aka cire wa sankarar fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, allurar da aka haɗa wa kowa tasa, garkuwar 8 daga cikinsu ta amsa, kuma su ne suka fi daɗewa ciwon bai dawo musu ba, kamar yadda aka wallafa a 2023. A duka biyun wuƙar likita ta riga ta ɗauke ƙarin, aikin allurar shi ne farautar ɓurɓushin da ya saura. Da aka gwada autogene cevumeran tare da Keytruda a kan masu melanomar da ta riga ta yaɗu, BioNTech ya bayyana a 2025 cewa gwajin bai cimma babban burinsa na jinkirta ci gaban ciwon ba. A ɗaya ɓangaren, kamfanin ya sanar a watan Yuli na 2024 cewa BNT111 tare da maganin cemiplimab ta ƙara yawan waɗanda ƙarinsu ya ragu a cikin masu melanomar da ta ƙi jin magani, idan aka kwatanta da abin da aka saba gani a baya. Fahimtata ita ce, da ɗanyen kara ake gyaran shinge: allurar tana bukatar garkuwa mai ƙarfi da lokaci mai yalwa, alhali mai ciwon da ya yi nisa garkuwarsa ta sha kemo ta gaji, ƙarinsa ya yi girma ya kafa katanga, lokacin ma ya ƙure masa.

Hidimar da muka samu ta fara ne da zama na kusan awa biyu da likitan gwaji da wata nas. An ba Yaya takardar amincewa mai shafuka da yawa, aka ce ya tafi gida da ita, ya karanta tare da iyalinsa, kada ya sa hannu a ranar. Likitan ya faɗa masa ƙarara cewa ba ya yi masa alkawarin samun sauƙi, kuma yana da ikon fita daga gwajin duk ranar da ya ga dama ba tare da an rage masa komai na kulawa ba. Wannan gaskiyar ita ce abin da na fi yabawa a cikin hidimar gaba ɗaya. Daga nan aka shiga tantancewa, wadda ta haɗa da gwajin jini na hanta da ƙoda, awon zuciya, hoton CT, da sake yanko ɗan nama daga ƙarin. Sharuɗɗan shiga irin waɗannan gwaje-gwaje suna da tsauri. Sai wanda yake iya tashi ya yi zirga-zirgarsa da ƙananan ayyuka, ba ya fama da cutar da garkuwa ke yaƙar jiki, ba ya shan maganin sitiroyid mai yawa, kuma ciwon bai mamaye ƙwaƙwalwa ba tare da an shawo kansa ba. Sau da yawa akan cire mai ciwon hanta nau'in B da ke kan ganiyarsa, kuma wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye, domin cutar ta yawaita a Afirka ta Yamma, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba. Allah Ya taimaka gwajin Yaya ya fito lafiya.

Ita allurar ba ta ɗaukar minti biyu, amma ranar takan tafi gaba ɗaya, saboda ana ɗibar jini kafin a yi, a jira sakamako, a yi allurar, sannan a ajiye mutum ana auna zafin jikinsa da hawan jininsa. Da daddare zazzaɓi da rawar ɗari sukan zo masa, hannun ya yi nauyi, washegari ya wuni a kwance, zuwa kwana na uku ya miƙe. Idan aka kwatanta da abin da kemo ya yi masa, na amai da zubewar gashi da gyambon baki, wannan da sauƙi ƙwarai. An ba mu lambar waya da ake ɗauka dare da rana, kuma daren da zafin jikinsa ya hau na kira da ƙarfe biyu, wata nas ta ɗauka ta yi mini tambayoyi cikin natsuwa, ta faɗa mini abin da zan lura da shi, da safe kuma ta sake kira. A hanyarmu ta komawa gida bayan allura ta biyu na ce masa, “Yaya, idan wahalar ta yi yawa mu haƙura.” Sai ya ce, “Bari dai mu ci gaba. Ko ban ci moriyarsa ba, wani na baya zai ci.”

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Jiran sakamakon hoto yakan kai mako guda ko fiye, kuma a wannan mako gidan ba ya samun barci. Takardar amincewa cike take da kalmomin likitanci da ko wanda ya yi karatu mai zurfi sai ya nemi bayani, matar Yaya kuwa da Turancinta bai yi ƙarfi ba ni na riƙa fassara mata, alhali wasu maganganun nauyinsu ya fi ƙarfin ƙanen miji. An biya mu kuɗin mota, amma ba wanda ke biyan kwanakin aikin da mai rakiya ya rasa. Hoton farko ya nuna ciwon ya tsaya, muka yi hamdala. Hoto na gaba ya nuna ƙarin hanta ya girma fiye da ma'aunin da aka yarda, kuma bisa ƙa'idar gwajin dole aka dakatar da allurar. An faɗa mana da ladabi, an mayar da shi hannun likitarsa ta asali cikin mako guda, amma duk da haka mutum yakan ji kamar an rufe masa ƙofa, bayan ya saba da mutanen da suka san sunan 'ya'yansa.

Game da farashi, babu shi, domin ba a sayar da wannan magani. Har zuwa 2025 hukumomin magunguna na Amurka, Tarayyar Turai da Birtaniya ba su ba wata allurar mRNA ta sankara lasisi ba, kuma mai shiga gwaji ba ya biyan kuɗin maganin gwaji. Duk wanda ya ce a turo kuɗi zai kawo ta daga waje, ko zai sayi gurbi a gwaji, a guje shi. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da BioNTech da nufin kai irin waɗannan magunguna ga majinyata har 10,000 zuwa 2030, kuma a 2024 hukumar lafiya ta Ingila ta buɗe tsarin haɗa majinyata da gwaje-gwajen, amma ta hannun likitan da ke duba mutum ake bi, kuma sai wanda zai iya zuwa asibitin a kai a kai na tsawon watanni. Damuwata ita ce ranar da za a ba da lasisi. Keytruda ta fito a Amurka a 2014 a kan kimanin dala 150,000 a shekara, kuma allurar da aka haɗa wa mutum shi kaɗai za a ɗora ta ne a kan wannan.

Wani rauni kuma shi ne su wa aka gwada. Sakamako mafi kyau ya fito ne daga melanoma a Amurka da Ostareliya, inda yawancin ciwon zafin rana ne ke haddasa shi a farar fata, irin wanda yake tara sauye-sauye masu yawa da garkuwa ke iya gani. Melanomar da ta fi kama baƙar fata takan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, sauye-sauyenta kaɗan ne, don haka ba za a ɗauki alƙaluman can a shimfiɗa su a kanmu kai tsaye ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin shigar mutane irin Yaya tana da muhimmanci.

Ga wanda ciwonsa ya yi nisa, magungunan da aka tabbatar suka ƙare masa, jikinsa kuma yana da sauran ƙarfi, ina ganin ya dace ya saurari tayin gwaji da zuciya ɗaya, domin illar allurar mai sauƙi ce a yawancin waɗanda aka ba da rahotonsu, kulawar kuma ta kusa ce. Sai dai ya tambayi likita matakin da gwajin yake, ko akwai tabbataccen magani da zai jinkirta saboda shi, sau nawa za a yanki namansa, da abin da za a yi masa ranar da hoto ya nuna ciwon ya ci gaba. Wanda yake da sauran tiyata, gashin ƙari da na'ura ko kemo da aka san amfaninsu, ban ga hujjar da zai bar su saboda wannan allura ba. Babban gwaji na mataki na uku a kan mRNA-4157, wanda aka fara a 2023 da majinyata fiye da 1,000 da aka yi wa tiyatar melanoma, an tsara shi ne don ya nuna ko fasahar ta cancanci lasisi, ko da yake bai shafi masu irin matakin Yaya kai tsaye ba.

Yaya yanzu yana kan wani kemo mai sauƙi, tare da kulawar masu rage raɗaɗi da ke zuwa gida. Sashen gwajin yana kiransa lokaci zuwa lokaci don bibiyar halin da yake ciki, kuma ya amince a ci gaba da ajiye jininsa da naman da aka yanka don bincike.